Kafin Mota Ta Bar Filinge

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kilomita 180 ce ko kusa da haka, a kan hanya mai lamba 25 da ke ratsa Hamdallay da Balayara da Bonkuku. Wannan kowa na iya yin ta, ko motar da ta sha jiki tana lallaɓawa ta isa. Tafiyar da ke tantance direbobi tana farawa ne idan aka bar Filinge aka nausa arewa ko gabas, wajen Tukunus da Abala da Sanam, ko a miƙe har Tawa, mai dogon zango kuma ya ƙara wasu kilomita 400 ta Abalak zuwa Agadas. Can ne gidajen mai ke yin nisa da juna, makaniki ya yi wuyar samu. Ga kuma halin rashin tsaro da jihar Tillaberi ta shiga a shekarun nan, wanda ya sa lalacewar mota a daji ta wuce batun ɓata lokaci.

Direbobin Kurfai, wato ƙasar Filinge, masu motocin gazuwal, waɗanda ke jigilar 'yan kasuwa da hatsi da bisashe a wannan yanki, suna da wata gwaninta da fasinja ba ya gani, domin an gama ta tun kafin ya iso tasha. Shi fasinja yana yabon direba da iya kauce wa rami da iya keta rairayi. Ni kuwa abin da ya fi burge ni yana faruwa ne ranar jajibirin tafiya, lokacin da mota ke tsaye ƙarƙashin inuwa, bakinta a buɗe, mai ita yana bin ta gaɓa-gaɓa ba gaggawa.

Sai an san halin injin gazuwal za a gane abin da yake nema. Injin fetur yana da filogi mai tartsatsi da ke kunna masa wuta. Na gazuwal, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya samu ya yi aiki sosai a 1897, ba ruwansa da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 20 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Ke nan duk rayuwar injin ta rataya a kan feshin nan, ya fito a kan lokaci, da ƙarfi, da laushi. Masu wannan aiki su ne famfon injekta da nozul, ƙarafa da aka goge aka haɗa har tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, gazuwal ɗin da ke ratsa su, shi ne kuma ke sa musu santsi. Idan ya zo da ƙura, ta karce su. Idan ya zo da ruwa, ruwan ya wanke maiƙo ya bar tsatsa. Idan an sirka shi da kananzir, santsin ya ragu, ƙarfe ya shiga cin ƙarfe. Kuma ba nan take abin ke nunawa ba. Famfo na iya kwasar cutar a Filinge, sai an kai Abalak ta kayar da shi.

Ruwa ne ya fi su iya sanɗa. Ya fi gazuwal nauyi, domin litar gazuwal ba ta cika giram 850 ba, ta ruwa kuwa kilo guda ce, don haka kullum a ƙasa yake kwanciya: gindin durom, gindin jarka, gindin tankin gidan mai, gindin tankin mota. Wani ruwan sama ne da ya kurɗa ta murfin da bai rufu da kyau ba a damina. Wani kuma ba wanda ya zuba shi. Tankin da ya kwana rabi, iskar da ke cikinsa takan huce da dare ta yi gumi a jikin ƙarfe, gumin ya gangara ƙasa. Dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ke son mota ta kwana da tanki a cike ke nan. Inda ruwa da mai suka daɗe tare kuma, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta kan yi gida a tsakaninsu, su haifar da wani baƙin yauƙi mai toshe filta.

Masu ƙera motocin daji sun san da wannan. A Land Cruiser da Hilux akwai wurin da ruwa ke taruwa a ƙasan filtar mai, da ɗan murfi na roba a gindinsa, da fitila a dashbod mai kunnuwa idan ruwan ya yi yawa. Gwani ba ya jiran fitilar. Zai sa yaron mota ya tara robar ruwan sha da aka yanke wa kai, ya sassauta murfin da yatsu biyu, shi kuma ya riƙa danna ɗan famfon hannu da ke saman filta. Abin da ya fara fitowa shi ake zuba wa ido. In akwai ruwa, za ka gan shi ya dunƙule a gindin robar, ƙwallo-ƙwallo, wani lokaci fari, wani lokaci jaja-jaja saboda tsatsa, man na yawo a samansa. Haka za a yi ta tatsa har mai zalla ya biyo baya.

"Ɗaure, amma kar ka matse da ƙarfi, roba ce."

"To, maigida."

Yaron da ya taɓa fasa murfin nan ana gobe tafiya ba ya buƙatar a sake gaya masa. In tafiyar mai nisa ce, ana canja filtar gaba ɗaya ko da lokacinta bai cika ba, a kuma jefa sabuwa ɗaya ko biyu a bayan kujera. A nan ma akwai ido, domin kasuwa cike take da filtar jabu mai kwali irin na asali. Direba zai auna nauyinta a tafin hannu, ya leƙa cikinta, ya taɓa robar bakinta, ya fi kuma yarda da shagon da ya daɗe yana saye a ciki.

To shi man daga ina yake zuwa? Tun ƙarshen 2011 Nijar ke tace nata a matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka gina tare da kamfanin CNPC na China don ta tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Kamfanin gwamnati SONIDEP ke ɗauka ya rarraba. Kafin lita guda ta shiga tankin mota a Filinge ta yi tafiyar kilomita 1,000 ko kusa da haka a cikin tanka, an juye ta daga wannan mazubi zuwa wancan, kowane juyi kuma ƙofa ce ta shigar datti. Mai na iya barin matata garau ya iso da laifi.

Saboda haka direba ba ya shan mai a duk inda ya ga famfo. Yana neman gidan man da manyan motoci ke yawan tsayawa, inda mai ba ya daɗewa a ƙasa. In ya iso ya tarar tanka na sauke kaya, yakan wuce ko ya je ya sha shayi ya dawo, domin sabon man da ke kwarara yana tayar da lakar da ta kwanta a gindin tankin, sai ta lafa kafin a sha. Yana kuma tsayawa da kansa ya ga wane tiyo aka ɗauko. Fetur a tankin gazuwal kuskure ne na minti ɗaya mai iya cinye famfo da nozul gaba ɗaya, kuma in ya faru, maganinsa kar a ko murɗa makulli sai an zazzage tanki.

Farashin gidan mai gwamnati ke yanke shi. A Agustan 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, a Yulin 2024 aka sauko da ita 618. Direba yana riƙe da farashin hukuma a ka, domin da shi yake auna na bakin hanya. Sana'ar 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin hanya, ta ginu ne a kan fetur mai tallafi da ke tsallakowa daga Nijeriya, har zuwa watan Mayun 2023 da aka cire tallafin. Gazuwal kuwa Nijeriya ta daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, ba shi da wata arahar da zai tsallako iyaka da ita. A ƙauye mai nisa, daidai ne na jarka ya fi na famfo tsada, tunda wani ya sha wahalar kawo shi. Wanda ya fi araha shi ne abin tsoro. Ko an tsotso shi daga tankin babbar mota da tiyon da ya sha ƙasa, ko ragowar gindin durom ne, ko an ƙara masa auki da kananzir ko da tsohon man juye.

Ban ce duk mai sayarwa a bakin hanya maha'inci ba ne. Su ne ke ceton mota a inda babu famfo, kuma da yawansu su ma saye suka yi ba su san abin da ke ciki ba. Shi ya sa gwani ke da gwajinsa, yana kuma yin sa ba tare da ya ci fuskar kowa ba. Zai miƙa kwalba fara tas, busasshiya, a zuba masa kaɗan, ya ɗaga ta saitin rana.

"Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?"

"Na yarda da kai, Malam. Durom ɗin ne ban san shi ba."

Mai kyau garau yake, kana hango yatsanka ta bayan kwalbar. In ya yi duhu-duhu ko gajimare, akwai ruwa ko datti a gauraye. Zai ajiye kwalbar a kan taya ya bar ta ta zauna, a ci gaba da gaisawa da tambayar hanya, can ya dawo ya duba gindinta. Zai shafa ɗigo tsakanin babban yatsa da manuni ya ji maiƙonsa, domin wanda aka sirka da kananzir yakan yi garas-garas, ya rasa santsin da aka saba. Zai shinshina, warin fetur ba ya ɓuya. Wani ma yakan ɗiga a farar takarda: fetur ya bushe nan da nan, gazuwal ya bar tabon maiƙo, in kuwa da tsohon man juye a ciki tabon ya yi baƙi. Duk wannan ba ya kai aikin ɗakin gwaji, direban ma ya sani. Amma yana kama mafi yawan abin da ke kashe mota a hanya. In man ya ci jarrabawa, ba a kifa jarkar a zazzage ta duka. Ana zubawa a hankali ta mazurari mai tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, a bar lita ta ƙarshe a gindi ko da an biya kuɗinta. In iska na kaɗa ƙura, yaro ya tsaya ya kare bakin tanki da jikinsa.

Mafi alheri dai a taho da guzuri daga gidan man da aka sani. Jarkokin nan ruwan ɗorawa masu lita 25 da suka fito daga man girki suna aiki, in an wanke su an shanya sun bushe ƙarau, an kuma ware su don gazuwal kaɗai. Mazubin da aka shafe da tutiya ba a ajiye gazuwal a cikinsa, domin man na cin tutiyar ya kai ta nozul. Ba a kuma cika jarka har baki, tunda mai na kumbura da zafin rana.

Nawa za a ɗauka? Nan lissafi ke shiga, kuma direban da bai yi makaranta ba yana yin sa daidai. Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, takan sha kamar lita 12 zuwa 14 a kilomita 100 a kan kwalta. Ɗora mata buhuna ka sa ta cikin rairayin Dallol Bosso a ƙaramar giya, sai ta doshi 20. Don haka ba a auna tafiya da kilomita kaɗai. Ana tambayar wanda ya dawo jiya: ina kwalta ta ƙare, wace korama ce ta kawo ruwa, ina aka zagaye, wane gidan mai ne ke da kaya, wanne aka rufe. Bayan an haɗa lissafi sai a ƙara kamar sulusi a kai, saboda ɓatan hanya da kafewa da yiwuwar a juyo.

Akwai wani dalilin da ya sa ba a bari allura ta kwanta. Motar fetur in mai ya ƙare, ka zuba ka tayar. Ta gazuwal in ta zuƙi iska, sai an cire iskar. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, famfon da ya cika da kumfa ba zai iya buɗe nozul ba. Kowane yaron mota da wannan yake fara koyon aiki: a danna famfon hannu har ya yi tauri, in ta ƙi a sassauta goron bututun nozul da sufana, a buga sitata har kumfa ya ƙare mai ya fara tsartuwa, a ɗaure. Aikin minti goma ne ga wanda ya iya. Wanda bai iya ba zai yi ta buga sitata har batir ya mutu, ya tara wa kansa matsala biyu.

Bayan mai sai numfashi. Injin gazuwal yana haɗiyar iska mai yawan gaske, iskar Kurfai kuwa daga hunturu har bazara ƙura ce. Ana ciro filtar iska a bubbuga ta a hankali a tafin hannu, in akwai iskar mai faci a hura daga ciki zuwa waje, sannan a haska tocila ta ciki. In haske ya ɓullo ta wata huda, ta gama aiki, domin ƙurar da ta wuce nan silinda za ta je ta goge. A irin wannan ƙasa ana juye duk kilomita 5,000, kuma in tafiyar za ta haura wa'adin, a juye kafin a tashi.

Lagireto ma yana da nasa. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, mota mai kaya a rairayi kuma tana aiki da ƙarfi alhali iskar da ke bugun gabanta kaɗan ce. Bayan damina 'ya'yan ciyawa da ƙaiƙayi kan toshe ramukan lagireto, sai an wanke su daga baya. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana barin ɓawo a ciki, shi ya sa mai hankali ke sayen ruwan lagireto na kanti, ya bar na rijiya don ranar dole. Ana matsa tiyo a ji ko ya yi laushi, a duba fanbel ko ya tsattsage. Bel ɗin taimin kuwa ba a ganin sa daga waje, tarihinsa ake riƙewa, domin in ya tsinke inji na gudu, fistin da bawul ne za su yi karo. Direban da ya karɓi motar da bai san yaushe aka canja mata shi ba, yakan canja kawai ya huta. Batir da hita su ne na safiyar ɗari, lokacin da inji mai sanyi ke ƙin tashi. Taya da birki da sifirin kuwa kowace mota da su take tafiya, sai dai a nan safaya biyu ake ɗauka, da jak da katakon da za a ɗora shi a kai, da shebur, da famfon iska, tunda ana rage wa taya iska a rairayi a mayar a kwalta.

In an gama, sai a tayar a zagaya da ita bayan gari, direba na kallon madubi. Hayaƙin salansa yana ba da labari ga wanda ya iya karatunsa. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, a koma kan filtar iska ko nozul. Shuɗi man juye ne ke ƙonewa. Fari da sassafe ba komai, amma in ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko mai ba ya ƙonewa daidai, ko ruwa na shiga silinda, kuma wannan motar ba ta da tafiya gobe. Kunne ma na aiki. Wanda ya shekara da mota ya san ƙarar lafiyarta, ɗan canji kaɗan zai sa ya tsaya ya sake buɗe baki.

Wannan duka a kan tsofaffin injuna ne masu haƙuri. Sababbin da ke shigowa daga Turai, masu kwamfuta, suna fesa mai da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000, nozul ɗinsu kuma bai san yafiya ba. An ƙera su ne don man da sinadarin kibiritu a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, wanda shi ne ƙa'idar Tarayyar Turai tun 2009. Suna da ƙarfi, suna da tsimin mai, suna da daɗin zama. Amma ruwan da tsohuwar 1HZ za ta yi tari ta wuce da shi, su yana iya tsayar da su cak, kuma gyaransu sai da na'ura. Shi ya sa har gobe masu shiga daji ke rububin tsohon inji, ba don ba su san sabo ba. Wanda ya riga ya sayi sabuwar kuma, abu na farko da ya kamata ya ƙara mata shi ne filta ta biyu mai raba ruwa da mai, tun kafin ya sa mata baƙin gilashi.

Saura magana ga masu motoci, domin da yawan direbobin nan ba nasu suke tuƙawa ba. Direba zai zo ya ce a ba shi kuɗin filta ta asali da na juye, a ce masa ya lallaɓa sai ya dawo. Ya ce zai cika jarkoki a gidan man da ya sani, a ce ai akwai na araha a gaba. Alhaji, famfon injekta ba a gyara shi a gindin bishiya. In ya lalace sai an kwance shi an kai Yamai wurin masu injin gwaji, mota na zaune, kaya na jira, kuɗin gyaran kuma zai sayi filta ta shekaru. In direbanka ya nemi kuɗin shiri da yini guda na duba mota kafin doguwar tafiya, ka ba shi duka biyun.